Dije, Rage Ƙara, Canza Kiɗa

Ƙorafi biyu ne ba sa wuce ni washegarin kamu ko dina a Lafia. Na farko daga dattawa da masu goyo yake fitowa: "Ƙarar nan ta yi yawa, ko gaisawa ba mu samu mun yi ba." Na biyu kuwa daga matasan da suka cashe da kansu: "Dijen nan abu ɗaya ya yi ta nanata mana har aka tashi." Sana'ata bayar da hayar kujeru da rumfuna ce, saboda haka ina wurin tun ba a jona waya ba, kuma sai an loda lasifika a mota nake tafiya. A nawa ganin, ƙorafin nan biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ga yadda abin yake faruwa, ko a ɗakin taro a titin Jos, ko a ƙofar gida a Bukan Sidi ko Tudun Gwandara. Yara za su sauke lasifika su jibge su a ƙasa, bakinsu na kallon kujerun gaba, inda ake zaunar da iyaye. Shi kuwa dije sai ya kafa teburinsa a bayansu, inda ƙarar ba ta dukansa kai tsaye. Da farko komai daidai. Can sai abokan ango su shigo, wani ya ɗaga hannu: "Oga, ƙure mana shi!" Ya murɗa. Jar fitila ta fara ƙyaftawa a jikin na'ura, alamar an wuce ƙarfinta, muryar mawaƙi ta fara tsagewa, ruwan da ke cikin gora a kan tebur yana rawa. Bayan awa guda kunnen kowa ya gaji, har da na dijen, abin da ya yi ƙarfi ɗazu yanzu ya zama kamar ba ya fita. Kamar mai cin yaji ne, da harshe ya saba sai ya ƙara barbaɗawa. Haka za a yi ta murɗawa har a tashi.

Masana suna auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu tana kusan 60. Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar awa 8 a rana ga wanda ke cikin ƙarar da ta kai 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2, idan aka kai 100 kuwa minti 15 ne kacal. Ba sai da na'ura za ka gane ba. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kamu ɗaya ko biyu daga gare ka ya ji, to kun shiga yankin haɗari.

Ɓarnar a can cikin kunne take aukuwa, bayan dodon kunne, inda akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, waɗanda ke kai saƙon sauti ga ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana galabaitar da su. Wannan ƙugin da kake ji a kunne idan ka kwanta bayan biki, kukansu ke nan. Sau da yawa yakan lafa kafin kwana biyu, amma wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa, babu kuma maganin da ke dawo da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin raunin ji saboda ƙarar da suke saurare don nishaɗi.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan su ne ma'abota kiɗan hebi metal, kiɗan jita mai lantarki da ganguna wanda ƙara ce tambarinsa. A Birmingham ta Ingila ya yi tushe, garin masana'antu, inda aka kafa ƙungiyar Black Sabbath a 1968, faifansu na farko ya fito a 1970. Makaɗin jitarsu, Tony Iommi, inji ya gutsire masa kan yatsu biyu a masana'anta yana ɗan shekara 17, daga baya ya sassauta tsarkiyar jitarsa don ta yi masa sauƙin dannawa, sai amon ya ƙara kauri da nauyi. An yi zamanin da ƙungiyoyi ke gasar wa ya fi ƙara. Littafin bajinta na Guinness ya rubuta Deep Purple da desibel 117 a wani wasa a Landan a 1972, ya kuma ba Manowar kambun a 1984, kafin daga baya ya soke wannan gasa gaba ɗaya. Sun kuwa ɗanɗana kuɗarsu. Lars Ulrich, mai ganga a Metallica, ya sha faɗa cewa ƙugin kunne ba ya barinsa. A 2016 Brian Johnson na AC/DC ya dakatar da yawon wasa bayan likitoci sun gargaɗe shi cewa zai iya kurumcewa.

Ba su daina son ƙara ba, amma sun koyi hankali. Yanzu ganin mai sauraro da ɗan abin toshe kunne a irin waɗannan wasanni ba abin mamaki ba ne. A Siwizalan doka ta hana matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100, kuma da zarar za a haura 93 dole mai shirya taro ya raba abin toshe kunne kyauta. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren kiɗa: kada a wuce 100, a riƙa aunawa ana cikin wasa, a gyara zaman lasifika, a tanadi abin kare kunne, a ware wurin da mutum zai je ya huta, a horar da ma'aikata. Mu ma a Najeriya hukumar NESREA tana da dokar kayyade ƙara tun 2009, sai dai a unguwa maƙwabci yakan zaɓi haƙuri don kada a ce yana baƙin ciki da bikin ɗan'uwansa.

To ina ruwan wannan da maimaita kiɗa ɗaya? Dijen da kiɗa iri ɗaya ne a hannunsa ba shi da wata dabarar motsa mutane sai murɗa ƙara. Kuma in akwai garin da bai dace a yi masa haka ba, Lafia ce. Tun kafin ta zama hedikwatar jiha a 1996, gari ne na Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Hausawa da Fulani da Tibi, ga 'yan kasuwa daga kudu, yanzu kuma ga ɗaliban jami'ar tarayya daga ko'ina. A biki guda za ka ga dangin amarya da yarensu, na ango da nasu. Amma sai a kwana ana buga amapiyano na Afirka ta Kudu, a tsarma "Jaruma" ta Hamisu Breaker da waƙoƙin Ado Gwanja, a sake komawa farko. Ba laifin waƙoƙin ba ne, ni ma ina jin su. Sai dai na ga yadda hajiyoyin da suka yi tagumi suke miƙewa da zarar an sako amada ta Barmani Choge. Na ga dattijo ya ajiye waya don an sa Shata. Na ga Tibi sun cika fili da suwange, waɗanda ba su iya ba suna koyo suna dariya. A duk waɗannan lokuta ba a taɓa ƙara ko ɗigo ba, canjin ne ya tayar da mutane. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsarkiya ɗaya gare shi, amma zaure yakan yi tsit saboda shi, kunne kuma ya samu ya sarara.

Makaɗan da sun san wannan. Mai kalangu idonsa na kan ƙofa, da ya ga wane ya shigo sai ya juya take. Dijen yau kuwa 'yan gaban fili kawai yake gani, su ne masu liƙi, su ne masu ihu. Gwaggon da ta ɗauki jakarta ta sulale tun ƙarfe tara, da mai jegon da ta toshe wa jariri kunne da zani ta fice, babu mai kai masa labarinsu. Wani dije ya taɓa ce mini, "Baba, ni wanda ya zo ya yi mini magana shi nake bi. Masu cewa a ƙara suna zuwa, masu son a rage a gida suke faɗa." Gaskiya ya faɗa. Ga rurin janareto da dole sai ya danne shi, ga ɗakuna masu tayil da rufin kwano da ke mayar da amo ya cakuɗe.

Gyaran a hannun mai biki yake. A ɗora lasifika a kan ƙafa, sama da kan mutane, a kawar da bakinta daga kujerun iyaye. A fili, duk ninka tazara tsakaninka da ita yana rage kusan desibel 6, don haka matsar da layin gaba baya kaɗan ba ƙaramin taimako ba ne. A kai janareto nesa. Yara ƙanana kada a bar su suna wasa a gindin lasifika. A wakilta mutum guda mai faɗa a ji wanda zai riƙa zagayawa baya yana saurare, da manhajar auna ƙara a wayarsa in ya so, kuma shi kaɗai dije zai saurara. A karɓi jerin waƙoƙi daga dangin ango da na amarya tun ana saura mako. Lokacin cin abinci da addu'a a sassauta, mutane su gaisa, ai zumunci aka zo yi.

Duk wannan a zaman ciniki ake faɗarsa, kafin a miƙa kafin alƙalami, lokacin da dije ke sauraronka da kunne biyu. In ka bari sai fili ya ɗauki zafi, ko ka je gabansa kana ɗaga murya, ganin bakinka kawai zai yi yana motsi.