Shukar Da Ke Kiran Malam-Buɗe-Littafi

A can kudu maso yammacin Amurka, wajen jihar Arizona, akwai wata shuka 'yar dangin na'ana'a wadda masu lambu ke kira hisof. Sau ɗaya ake dasa ta, kowace shekara ta sake tohowa daga saiwa. Furanninta dogaye ne kamar mazurari, watau daidai bakin wani mitsitsin tsuntsu mai tsotson zaƙin fure, wanda ke iya tashi da baya, ba kuwa a samunsa sai a nahiyar Amurka. Malam-buɗe-littafi ma ba ya wuce ta.

Abin mamaki, ƙishirwa ba ta cika kashe ta ba. Yawan ban ruwa ne ke ruɓar da saiwar. Rana take so, da ƙasa mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta.