Likita Ya Ga Ƙulli a Huhu: Me Ke Nan?

Kwanan baya mahaifin wani ɗalibinmu ya zo makaranta da hoton ƙirjinsa a cikin ambulan, jikinsa duk ya yi sanyi. An ce masa an ga wani farin tabo a huhunsa na dama. Kafin ya iso gida, maƙwabta sun riga sun yanke hukunci. Waɗansu sun ce tarin fuka ne, waɗansu sun ce ciwon daji. Amma kama da wane ba ta wane. Likita ba ya sa wa ƙulli suna sai ya bi waɗansu matakai, kuma ya kamata kowane gida ya san su.

Girmansa

Abu na fari shi ne awo. Idan faɗin ƙullin bai wuce santimita 3 ba, wato kamar ƙaramin goro, a kan kira shi ƙaramin ƙulli. In ya wuce haka ya zama babban ƙari, kuma likita zai ɗauke shi kamar ciwon daji har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne. A shekarar 2017 wata ƙungiyar likitoci mai suna Fleischner ta sabunta ƙa'idar ƙananan. Wanda bai kai milimita 6 ba, kamar ƙwayar dawa, ko ɗaya cikin 100 ba ya zama ciwon daji. Daga milimita 6 zuwa 8, a kan sake ɗaukar hoto bayan wata 6 zuwa 12. Wanda ya wuce 8 kuwa, sai a matsa bincike.

Kamanninsa

Hoton ƙirji na yau da kullum inuwa kawai ya ke nunawa. Na'urar siti-sikan ita ce ke nuna huhu yanka-yanka. Ƙulli mai santsin gefe, wanda ya taurare da alli a cikinsa, yawanci tabon tsohuwar cuta ne da ta warke, musamman tarin fuka. Mai gefe kamar ƙaya shi ne abin tsoro. Likita kuma ya kan tambayi shekarun mutum, da ko yana shan taba. Zai nemi tsohon hoto ya gwada da sabo, gama ƙulli mai tauri da ya yi shekara 2 bai ƙaru ba da wuya ya zama mugu. Saboda haka kada mu jefar da tsofaffin hotunanmu na asibiti.

Abin da ke cikinsa

Magana ta ƙarshe tana wurin madubin likita. A kan tsakuro ɗan nama da allura, ko ta wani siririn bututu da a ke zurawa ta maƙogwaro, a duba. In ciwon daji ne, iri biyu ne manya. Mai ƙananan ƙwayoyi, wajen 15 cikin 100, yana saurin yaɗuwa, kuma kusan kullum mashaya taba ya ke kamawa. Sauran, wajen 85 cikin 100, sun fi shi jinkiri, kuma in an gano su da wuri a kan iya yanke su. Wani lokaci ma ciwon ba ɗan huhu ba ne, baƙo ne da ya taso daga nono ko hanji. Daga nan a kan sa shi a mataki, daga na 1, lokacin da bai bar wurinsa ba, zuwa na 4, lokacin da ya bazu a jiki.

Inda mu kan yi kuskure

A ƙasarmu tarin fuka ya yi yawa, har mu kan ɗauka kowane dogon tari shi ne. Alhali tari, da rama, da jini a kaki, duk cututtukan biyu suna kawo su. Gwajin kaki shi ke tabbatar da tarin fuka, maganinsa kuwa na wata 6 ne. Wanda ya sha magani wata 2 bai ga sauƙi ba, kada ya yi shiru, kada kuma ya daina sha da kansa. Ya koma ya faɗa wa likita.

Mahaifin ɗalibin nan namu, nasa milimita 7 ne. An ba shi rana ya koma bayan wata 6. Mun rubuta ranar a kalandar ofishin makaranta, domin mu tuna masa in ya manta. Allah ya ba mu lafiya.