Talla Daban, Hulɗa Da Jama'a Daban

Masu karatu, da yawanmu mukan ɗauka talla da hulɗa da jama'a abu guda ne. Ba haka ba ne. Mai talla aikinsa ya sa a sayi kaya. Jami'in hulɗa da jama'a kuwa aikinsa ya tsare mutuncin kamfani, musamman ranar da abu ya ɓaci. Tun zuwan Facebook da Twitter, irin wannan rana takan zo ba sallama.

Mu ɗauki kamfanin jiragen sama na United a Amurka, wanda ya daɗe yana tallar cewa shi mai karɓar baƙi ne da fara'a. Ran 9 ga Afrilu, 2017, a filin jirgin Shikago, aka ce fasinjoji huɗu su sauka domin ma'aikatan jirgi su sami kujeru. Wani likita ɗan shekara 69 ya ƙi tashi. Jami'an tsaro suka yi ta jansa a ƙasa, bakinsa na zubar da jini, sauran fasinjoji na ɗauka da wayoyinsu. Kafin a ce kwabo hotunan sun game duniya.

Shugaban kamfanin na lokacin, Oscar Munoz, da farko kare ma'aikatansa ya yi, har ya ɗora wa likitan laifin ta da hankali. Abin mamaki, wata guda kafin nan mujallar PRWeek ta karrama shi saboda iya magana da jama'a! Sai ran 11 ga wata ya roƙi gafara sosai, kuma a ganinmu jinkirin nan ne ya ƙara wa wutar mai. Daga baya kamfanin ya sasanta da likitan, ya kuma ɗaga kuɗin lallashin mai barin kujerarsa har zuwa dala 10,000.