Iska a Akurkin Kaji Lokacin Sanyi

Idan sanyi ya kama a ƙasashe irin su Ingila da Amurka, mai kiwon kaji a bayan gida yakan toshe kowace kafa ta akurki don tausayi. Wannan kuwa kuskure ne, domin danshi ya fi sanyi lahani.

Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne a ma'aunin Santigireti, gashinta kuma bargo ne. Amma numfashinta yana fid da tururi, ɗanyen kashinta kuwa wajen rubu'i uku ruwa ne. In akurki ya toshe, sai laima ta kwanta a zankonta, ta daskare, naman ya mutu. Kashin kuma yana fid da iska mai yaji, watau amoniya, wadda ke cin idanu da huhu.

Maganin abin shi ne a huda kafofi kusa da rufi, sama da inda kaji ke kwana, a rufe da ragar waya. Iska mai ɗumi takan tashi sama, ta fice da danshin, sanyi bai bugi kajin ba. Wanda ya ji warin amoniya da safe, to, ya sauya shimfiɗa, ya ƙara kafa.