Buzuzu da Malamin Gindin Dutsen Bantu

A Hausa kalmar ƙwaro tana da faɗi ƙwarai, gama ta haɗa fara da kiyashi da sauro duka. Amma masana sun ware wani jinsi daban, watau ƙwari masu fiffike biyu masu tauri da ke rufe bayansu kamar ɓawo. Irinsu da aka rubuta sun kai wajen 400,000. Buzuzu da maƙesu da ƙwaron da ke huda wake a rumbu duk 'yan wannan dangi ne.

Mutumin da ya fito da asirin buzuzu malamin makaranta ne a Faransa, sunansa Jean-Henri Fabre (1823–1915). Sha'awa ce kawai ta sa shi bin ƙwari. Ya hau Dutsen Bantu, wato Ventoux, fiye da sau 20 yana duban tsirrai da ƙwarinsa, sa'an nan a 1879 ya zauna a ƙauyen Sérignan, inda a ke hangen dutsen.

A dā an ɗauka ƙwan buzuzu yana cikin dunƙulen kashin da ya ke mirginawa. Fabre ya yi ta fasa dunƙulen, bai sami ƙwai ba, ashe abinci ne. Sai wani makiyayi ya tono masa wani dunƙule dabam daga ƙarƙashin ƙasa, mai ɗan wuya kamar gora. Uwar ce ke ƙera shi a rami, ta sa ƙwai ɗaya a wuyan, tsutsar ta ci sauran. Da wannan binnewa buzuzu ke mai da kashin dabbobi taki.

To, irin wannan aiki ba ya bukatar komi sai ido da haƙuri da littafin rubutu. Mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni yana iya fara shi a turken tumakinsa da damina, ya ƙarasa a Dala da Gwauron Dutse. Har wa yau akwai bashin da harshe ke binsa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tara sunayen ƙwari, amma wanda ya kama ƙwaro a hannu ya nuna wa tsoho ne kaɗai zai tabbatar wane suna ne na wane. Gine-gine sun cinye gonakin da ke gefen hanyar Zariya, dattawan da suka noma su kuwa suna ƙarewa. In ba a tambaye su yanzu ba, sunayen za su bi su.