Abin Da Ya Kamata A Yi Idan Data Ta Ƙi Aiki A Waya

A shekarar 2001, sa'ad da kamfanonin wayar salula suka fara aiki a Nijeriya, amfanin waya bai wuce kira da aika gajeren saƙo ba. Yau kuwa da ita ake aika kuɗi, da ita ɗalibi yake duba sakamakon jarrabawa, da ita kuma ɗan kasuwar da ke Mile 12 a Legas yake ganin hoton tumatirin da aka yi masa lodi a Kadawa tun mota ba ta taso ba. Duk waɗannan sun dogara ne bisa data, watau hanyar da waya take bi ta shiga intanet ta kan layin kamfanin sadarwa. Abin takaici shi ne, da zarar data ta tsaya, mutane da yawa sai su nufi rumfar mai gyara, su biya kuɗi, wani lokaci har a goge musu dukan abin da ke cikin wayar, alhali kuwa wayar lafiyarta ƙalau.

Cikas ɗin data ba ya wuce ɗayan wurare uku: ko daga layin ne, ko daga wayar, ko kuwa daga kayan aikin kamfanin. Na farko da na biyu, galibi mai waya yana iya warware su yana zaune. Na ukun kuwa babu mai gyaran da zai iya taɓuka kome a kansa. Lalle ne a gane wanne ne daga ciki kafin a sa hannu a aljihu.

A fara da layi

Sau da yawa datar ce kawai ta ƙare, ko kwanakinta suka cika, gama galibin datar da ake saya tana da wa'adi, kamar na yini ko na mako ko na wata. A shekarar 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta daidaita gajerun lambobin da ake dannawa, suka zama iri ɗaya a kowane kamfani. Da *323# ake ganin sauran data, da *310# ake ganin sauran kuɗin kira, da *312# kuma ake sayen sabuwar data. Waɗannan lambobi ba su bukatar intanet. Sai a karanta amsar da kyau, domin akwai datar da ba ta aiki sai cikin dare, akwai kuma wadda ba ta buɗe kome sai WhatsApp da Facebook da makamantansu. Mai irin wannan zai ga yana da saura mai yawa, amma shafin banki ya ƙi buɗewa.

Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a masu layi biyu ne, kuma layi ɗaya kaɗai waya take ɗaukar data da shi a lokaci guda. In an saya a layi na ɗaya alhali an saita wayar a kan na biyu, to ba za a ga kome ba. Har wa yau, tun watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, kuma wa'adin ƙarshe ya cika ran 14 ga Satumba, 2024. Layin da aka rufe saboda wannan, ba data kaɗai yake rasawa ba, har kira ba ya fita. Da *996# ake duba matsayinsa.

Sa'an nan a duba wayar

Abu mafi sauƙi shi ne a taɓa alamar jirgin sama, a jira kamar rabin minti, a sake taɓa ta. Wannan ba camfi ba ne. Waya takan manne wa turken sadarwar da ta fara kamawa ko da an yi nisa da shi. Idan aka yanke ta aka mayar, tilas ta sake neman turke ta yi sabuwar rajista. In hakan bai yi ba, a kashe wayar ɗungum a kunna. A kuma tabbata maɓallin data yana kunne, a kashe Wi-Fi, domin waya takan fifita Wi-Fi ɗin da ta sani ko da babu intanet a cikinsa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ake mantawa da su. Wani ya taɓa sa wa wayarsa iyakar datar da za ta ci a wata, ya manta, ita kuwa ba ta manta ba. Wani kwanan watan wayarsa ne ya karkace, shafukan da ke da tsaro kuwa ba su yarda da wayar da agogonta ya saɓa. Wani kuma tun 2021, lokacin da aka dakatar da Twitter, ya sa manhajar VPN, ta tsufa ta daina aiki, amma har yanzu ta cikinta wayar take ƙoƙarin bi. Idan manhaja ɗaya ce tak ta ƙi, sauran suna aiki, to laifin na manhajar ne, ba na data ba.

Cikin saitin waya akwai wurin da ake kira APN, wanda shi ne adireshin ƙofar da kamfani ya buɗe wa masu layinsa. Waya takan cike shi da kanta, amma yakan lalace in an sauya layi ko an sayi wayar da aka yi amfani da ita a wata ƙasa. Mayar da shi yadda ya zo tun asali yakan wadatar. A nan sai a yi hattara ƙwarai. Sake saitin sadarwa dabam, mayar da waya yadda ta fito daga masana'anta dabam. Na farko ba ya taɓa hotuna da lambobi, abin da yake sharewa shi ne kalmomin sirrin Wi-Fi da makamantansu. Na biyu yana share kome da kome, kuma da wuya a ce data ta bukace shi.

Sanduna da haruffa

Babu abin da ya fi ruɗa jama'a kamar a ga sandunan sabis sun cika amma shafi ya ƙi buɗewa. Sandunan nan ƙarfin da ke tsakanin waya da turke mafi kusa kawai suke nunawa, turken da aka fi sani da ƙarfen sabis. Ba su faɗin yawan mutanen da ke kan turken, ba su kuma san halin da hanya take ciki daga turken zuwa gaba ba. Kowane turke yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma raba shi ake yi tsakanin duk waɗanda suka hau. Shi ya sa data takan yi nauyi a Kantin Kwari ko babbar kasuwar Onica da tsakar rana, da filin Idi, da unguwanni bayan sallar isha'i, ta kuma saki da asuba.

Harafin da ke gefen sandunan ya fi su ba da labari. E alamar tsohon zubi ce ta 2G, wadda da ƙyar take ɗaukar rubutu. H ko H+ na 3G ne. 4G ko LTE shi ne wanda yawancin harkokin yau suke bukata, sai 5G da ya fara aiki a ƙasar nan a 2022. Wanda bai taɓa ganin 4G a wayarsa ba alhali maƙwabtansa suna gani, mai yiwuwa sim ɗinsa tsoho ne, sai a musanya masa a ofis lambarsa ba ta canja ba. Ko kuwa wayar ce ba ta kama zangon da kamfaninsa yake watsawa a kai. Kankare da rufin kwano suna rage ƙarfi, don haka fita tsakar gida ko matsawa kusa da taga yakan sauya harafin.

Gwajin da ya fi raba gardama kuwa kyauta ne. A cire sim ɗin a sa a wayar wani. In ya yi aiki a can, wayar ce ke da cikas, yanzu ne zuwa wurin mai gyara ya yi ma'ana. In bai yi ba, a tambayi wani mai layin kamfani ɗaya a unguwar. Idan nasa yana aiki, matsalar ta layin ce. Idan shi ma yana kuka, daga kamfani ne.

Idan daga kamfani ne

Turakun sadarwa suna haɗe da juna da wayoyin faiba da aka binne a gefen hanyoyi, kuma masu aikin titi da masu haƙar magudana da ɓarayi suna yawan yanke su. Turaku da yawa da janareta suke aiki, in man dizal ya yanke su ma su tsaya. Wani lokaci ma abin ya wuce iyakar ƙasa. Ran 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyi huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta raunana a Nijeriya da Gana da wasu ƙasashen yankin, har harkar bankuna ta tsaya cik a wurare, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A wannan shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa, waɗanda lalata su laifi ne a ƙarƙashin Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015.

Mazauna garuruwan kan iyaka, irin su Illela da Jibiya da Maigatari, suna da tasu matsalar: waya takan tsallaka ta kama kamfanin Jamhuriyar Nijar, data ta tsaya. Maganinsa shi ne a shiga saiti a zaɓi kamfanin gida da hannu.

A irin wannan lokaci, wanda ya aika kuɗi saƙon ya maƙale, kada ya sake aikawa sai ya duba asusunsa, gama sau da yawa kuɗin sun riga sun fita. Duk wanda kuma ya bugo waya ya ce daga kamfani yake, zai gyara layi in an faɗa masa lambar sirrin katin banki ko lambar da aka turo ta saƙo, ɗan damfara ne.

Mai ƙorafi sai ya fara kiran kamfaninsa a lamba 300, ya faɗi unguwarsa, da lokacin da abin ya fara, da harafin da yake gani, ya kuma nemi lambar ƙorafinsa ya rubuta ta. In kamfani bai share masa hawaye ba, sai ya kira Hukumar Sadarwa a lamba 622, wadda kiranta kyauta ne, ya gabatar da waccan lambar da kamfani ya ba shi.