Yadda marubutan yaƙi ke ganin hannun Allah a fagen daga

Wanda ya saurari tarihin kafuwar lamidancin Garwa, Marwa ko Rai Buba zai ji ba a fara lissafi da yawan dawakai. Da tuta ake farawa, wadda Modibbo Adama ya karɓo daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen 1809. A wurin masu ba da labarin, albarkarta ce ta buɗe ƙasar Fombina, inda waɗannan garuruwa suke.

Haka malaman Sakkwato suka rubuta. Abdullahi Ɗanfodiyo, a Tazyinul Waraƙat, ya kwatanta nasarar Tafkin Kwatto ta 1804 da ta Badar. Tun kafin su, Imam Ahmad bin Furtuwa na Barno ya rubuta yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma a 1576, yana jingina galaba ga taimakon Allah, ko da yake bai ɓoye bindigogin da Mai ya samo ba.

Kiristocin Turai ma haka suke. Bayan mayaƙansu sun kama Ƙudus a 1099, wani malamin coci ɗan Faransa, Guibert na Nogent, ya ɗauki yaƙin a matsayin aikin Allah da aka gudanar ta hannun mutanensu. Da Salahuddin ya karya su a Hiɗɗin a 1187, marubutansu suka ce zunubansu ne suka jawo.

A ganina kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin adon magana. Sun yi imani da shi har zuci. Sai dai muryar mutanen duwatsun Mandara da sauran waɗanda aka kai wa hari ba ta cikin irin waɗannan littattafai. Ɗaliban tarihi a Garwa da Marwa su nemi dattawan waɗannan mutane, su rubuta nasu ɓangaren.